Who, which ko that? Yadda za ka zaɓi na daidai kada faransanci ya ruɗe ka

Salamu alaikum ƙannena ɗiyan lakwal, musamman ku masu shirin BEPC da ku ƴan tarminal masu shirin BAC. Ina koyar da ingilishi nan Tawa, da safe a lakwal, da marece kuma in yi ma yara kur a zauren gidanmu, kuma duk shekara in na zauna gyaran kaye wuri guda ne jan bik ɗina ke ƙarewa, wato wajen who, whom, whose, which da that. Satin da ya wuce wata yarinya mai ƙoƙari ƙwarai ta rubuta min "the car who is in front of the mosque", na kira ta na ce mi ya sa kika sa who, ta ce mushe ai qui ne, kuma qui shi ne who. To nan ciwon yake, kuma ba ita kaɗai ba, kusan rabin aji haka suke tunani. Abin na damuna don yaran nan ba rashin kai gare su ba, hanya ce ba a nuna masu ba. Ga shi kuma tun 2025 dokar ƙasa ta sa ingilishi cikin harsunan aiki tare da faransanci, ga masu zuwa karatu Sakkwato da Kano da Gana, ga masu neman aiki a Yamai inda za a ce rubuto takarda da ingilishi, kenan ba maganar egzama kaɗai ba ce.

Kafin mu shiga matakai sai ka gane abu guda, in ka gane shi sauran duk sauƙi ne. Kai harsuna ukku ke aiki cikin kanka lokaci guda, kuma kowane da inda yake sa wuƙarshi, kamar mahauta ukku da kowa ke da irin yankanshi. Hausa tana tambaya namiji ne ko mace ko jam'i, shi ya sa muke da wanda, wadda, waɗanda, kuma ba ruwanta da mutum ne ko abu: yarinya wadda ta zo, mota wadda ta lalace, duk wadda ce. Faransanci kuma aiki yake dubawa, in kalmar ita ke aikatawa qui, in ita aka aikata ma que: l'homme qui parle, la voiture qui passe, duk qui. Shi ko ingilishi tambayarshi ta fari ita ce mutum ne ko abu ne. Namiji ko mace, ɗaya ko dubu, wannan ba damuwarshi ba ce. Saboda haka duk ranar da ka ce qui daidai yake da who, que daidai yake da that, ka ɗauki wuƙar wani ka yi yankan wani.

Mataki na fari: nemo sunan da ake ma bayani

Kada ka yi saurin cika gurbi. Dubi kalmar da ke gaban gurbin ta hagu, kusan kullum ita ce sunan da ake ƙara ma bayani, sa mata layi da bik. Sannan ka raba jimlar biyu cikin kanka. Misali an ba ka "The trader ... sells onions lives in Galmi." Sunan shi ne trader. Jimloli biyun su ne: The trader lives in Galmi, da kuma He sells onions. Wannan he ɗin da ya hito a jimla ta biyu, shi ne kalmar da kake nema za ta maye gurbinshi. Riƙe shi da kyau don har ƙarshe shi za mu riƙa bi.

Mataki na biyu: mutum ne ko abu

In mutum ne who. In abu ne, ko dabba, ko gari, ko tunani, which. That kuma ɗan kowa ne, yana shiga nan yana shiga can, amma da sharaɗin da za mu gani a mataki na huɗu.

The trader who sells onions lives in Galmi.
The bus which goes to Konni leaves early.
The giraffes that live in Kouré are beautiful.

Dabbobi da which ko that ake yi masu, sai fa dabbar gida da anka raɗa ma suna ana ɗaukarta kamar ƴar gida, nan za ka ji Turawa na cewa who, amma a egzama in ka ga raƙumi ko akuya sa which ko that ka wuce. Mutanen Amurka sun fi son that ga abubuwa in babu waƙafi, mutanen Ingila suna karɓar which da that duka, don haka in ka ga littafi biyu sun saɓa a nan babu mai kuskure cikinsu.

Akwai kuma wuraren da that ya fi zama daram: bayan all, everything, something, nothing, the only, the first, da bayan siffar fifiko irin the best ko the biggest. "This is the best kilishi that I have ever eaten." Kunnen mai harshen haka ya saba ji.

Mataki na ukku: wane aiki kalmar ke yi

Nan ne ya kamata mu daɗe, don nan ake raba mai 12 da mai 17. Dabarar ita ce ka dubi abin da ya biyo bayan gurbin ta dama, abu ukku ne za ka iya tararwa.

In aikatau ne ya biyo kai tsaye, irin sells, is, came, won, to kalmarka ita ce mai aikatawa. Who ga mutum, which ga abu, ko that. Kuma ba a cire ta ko kaɗan, in ka cire jimla ta karye. "The boy who won the race is my brother", ba ka iya cewa the boy won the race is my brother.

In kuma abin da ya biyo wani mai aikatawa ne daban, irin I, you, she, we, ko sunan wani, to kalmarka ita anka yi ma aikin. "The man ... I met at the market is a tailor." Wa ya yi gamuwar? Ni. Da wa? Da mutumin. Nan ga mutum kana da zaɓi har huɗu kuma duk daidai ne: whom, who, that, ko ka bar wurin wayam ka ce "The man I met at the market is a tailor." Wannan barin wurin babu komi yana ba yaranmu tsoro don a faransanci ba ka taɓa jefar da que, a Hausa ma ba ka cewa mutumin na gani sai ka sa da, amma a ingilishi shi ne ma abin da sunka fi yi a magana ta yau da kullum. Whom na rubutun hukuma ne da takardar neman aiki da egzama, a hira ba kasafai za ka ji shi ba. In mushe ya ba ka jerin kalmomi akwai whom ciki kuma gurbin na wanda anka yi ma aiki ne, sa whom, shi yake nema.

Ga gwajin da nake ba yarana don rarrabe who da whom: koma ga jimloli biyun nan da ka raba. In jimla ta biyu he ko they ta ba ka, who ne. In him ko them ta ba ka, whom ne. He sells onions, who. I met him, whom. Lura him, them da whom duk da harafin m suke ƙarewa, da wannan m ɗin za ka riƙa tunawa.

Na ukku, in abin da ya biyo suna ne tsirara babu the babu a gabanshi, kuma sunan mallakin na farko ne, to whose ne. "The girl ... father drives a taxi is in my class." Uban wa? Uban yarinyar. Raba jimla za ka samu her father, duk inda rabawa ta ba ka his, her, its ko their, whose ne babu shakka. A nan Hausa ke jan hannunmu, don mu cewa muke yarinyar da ubanta ke tuƙa taksi, sai yaro ya bi kalma bayan kalma ya rubuta the girl who her father drives a taxi. Wannan kuskure ne babba. Who da her sun haɗu sun zama kalma guda, whose: "The girl whose father drives a taxi". Faransanci shi ma da nashi jan, dont le père, sai a rubuta whose the father, to bayan whose ba a sa the har abada. Kuma kada ka ji tsoron sa whose ga abu, yana yi: "a house whose roof fell in the rain". Sai ka kiyaye who's mai ɗan waƙafi a sama, shi who is ne ko who has, sauti guda ne amma ba dangi ba ne.

Mataki na huɗu: akwai waƙafi ko babu

Waƙafi, wato birgil, yara na ganin shi kamar ado, alhali yana canza ma'ana gaba ɗaya. Dubi waɗannan biyu:

My brother who lives in Niamey is a nurse.
My brother, who lives in Niamey, is a nurse.

Ta farko tana nufin ina da ƴan uwa maza da yawa, ina ware na Yamai daga cikinsu, in ka cire bayanin ba a san wane nake nufi ba. Ta biyu tana nufin ɗan uwana guda ne, an riga an san shi, zamanshi a Yamai ƙarin labari ne kawai, kamar yadda za ka ce cikin hira wane, ai ka san yana Yamai, ma'aikacin jinya ne. Ka cire shi jimla na nan lahiya lau.

Doka biyu ke tare da waƙafi kuma ba su da sassauci. Bayan waƙafi ba a sa that. Bayan waƙafi ba a jefar da kalmar a bar wuri wayam. Cikin kalmomin nan biyar, who, whom, whose, which kawai ke shiga. Kuma duk sunan da kowa ya sani, sunan mutum ko gari ko abin da guda ne tak a duniya, da waƙafi yake zuwa, don ba ya bukatar a ware shi daga wani:

Diori Hamani, who was the first president of Niger, took office in 1960.
The Kennedy Bridge, which crosses the River Niger, is in Niamey.
Alfaga, who won a silver medal in Rio in 2016, is a taekwondo champion.

Kenan a egzama tun kafin ka karanta jimla duka, in idonka ya ga waƙafi gaban gurbi, soke that daga cikin zaɓinka, ka rage ma kanka aiki.

Akwai wani which mai waƙafi da ba suna guda yake ma bayani ba, duk maganar da ta gabata yake ɗauka. "She passed the BEPC, which made her mother very happy." Ba BEPC ce ta faranta ran uwar ba, cin da ɗiyar ta yi ne. A faransanci ce qui ne, shi ya sa yara ke sa what a nan, kuma kuskure ne, which ake sawa.

Mataki na biyar: ƴan ƙananan kalmomin nan, to, with, for, in, about

Wasu aikatau ba su tahiya sai da ƴar rakiya: talk to, live with, wait for, speak about. In sunka shigo jimlar bayani hanya biyu gare ka. Ko ka bar ƴar rakiyar can ƙarshe, wanda shi ne maganar yau da kullum: "The woman who I spoke to is a doctor", ko ma "The woman I spoke to". Ko ka jawo ta gaba, wanda shi ne na rubutu mai nauyi: "The woman to whom I spoke is a doctor." In ka jawo ta gaba, whom kaɗai ga mutum, which kaɗai ga abu. To who babu, to that babu, in that babu. Misalin da nake so shi ne na jami'armu ta Yamai: "Abdou Moumouni, after whom the university was named, worked on solar energy." Haka ma in kana ƙidaya daga cikin taro: "I have forty pupils, many of whom come from villages", "He bought five goats, two of which died."

Yanzu dont. Wallahi kalmar nan ta ci ma yara maki da yawa, don an koya masu dont shi ne whose sunka riƙe. Dont yana zama whose ne kawai in mallaka ce. Sauran wurare sai ka dubi aikatau na ingilishi mi yake so. Le livre dont je parle, talk about ne, sai ka ce "the book that I am talking about". L'argent dont j'ai besoin, need ba ya son ƴar rakiya ko guda, sai "the money that I need". La maladie dont il souffre, suffer from ne, "the disease that he suffers from". Ka ga dont guda ya hito da fuska ukku kuma babu whose ko ɗaya ciki.

Mataki na shida: wuri da lokaci

Où na faransanci biyu ne a ingilishi, where ga wuri, when ga lokaci. Le jour où ba the day where ba ne, "August 3, 1960 is the day when Niger became independent." Why kuma bayan reason kaɗai yake zuwa.

Amma tarkon yana nan: ba duk inda ka ga sunan gari ko kasuwa za ka sa where ba. Koma ga rabawa. In jimla ta biyu there ta ba ka, where ne. In it ta ba ka, which ko that ne.

Tahoua is the town where I was born. Rabawa: I was born there.
Tahoua is a town which has a big market. Rabawa: it has a big market.
Agadez is a town that many tourists visited. Rabawa: they visited it.

Gari ne a duka ukkun amma where sau guda ya shiga. Kuma where ya riga ya haɗiye in a cikinshi, saboda haka the house where I live in kuskure ne, ko dai "the house where I live", ko "the house that I live in", ko "the house in which I live".

Mataki na bakwai: share abin da Hausa ta bari a baya

Wannan shi ne karatun ƙarshe kafin ka miƙa kopi, kuma namu ne mu Hausawa, littafan da anka rubuta don ɗiyan Faransa ba su maganarshi. Mu in muna bayani muna maido wakilin suna a baya: matar da na yi magana da ita, mutumin da na ba shi kuɗɗi, ɗakin da muke kwana cikinshi. Hausa ce mai kyau, in ka cire ita ko shi ma sai magana ta gurgunce. Sai yaro ya kwashe wannan ya kai ingilishi: the woman who I spoke to her, the man that I gave him money, the room which we sleep in it. A ingilishi who ko which ya riga ya zauna kujerar her da him da it, mutum biyu ba su zama kujera guda. Bi jimlarka da yatsa, in ka tarar da him, her, it ko them yana nuna sunan nan da ka ja ma layi tun mataki na fari, soke shi. "The woman who I spoke to", "the man that I gave money to", "the room which we sleep in".

A wannan karatun ne kuma za ka duba what. What yana nufin abin da, ya haɗa suna da mai bayani cikin cikinshi, saboda haka ba ya bin bayan suna. "I heard what you said" daidai ne. The thing what you said kuskure. Tout ce que kuma ba all what ba ne, "all that I have" ko "everything that I have". Sai ka duba aikatau ya dace da sunan da ke baya: the pupil who is late, the pupils who are late, who bai canza ba amma is da are suna bin mai gidansu.

Yanzu ɗauki kaye ka gwada waɗannan shida kafin ka leƙa amsa, kowace ka raba ta biyu da bakinka tukuna.

1. The farmer ... millet was stolen went to the chief.
2. Zinder, ... was the capital before Niamey, is far from Tahoua.
3. The doctor to ... I gave the letter is not here.
4. This is the well ... the women fetch water.
5. The phone ... I bought in Katako does not work.
6. He arrived late, ... annoyed the teacher.

Ta ɗaya whose, don his millet ne, hatsin manomin. Ta biyu which, Damagaram gari ne amma rabawa it was the capital ta ba ka, kuma ga waƙafi don haka that ba ya shiga, wanda ya sa where ya koma mataki na shida. Ta ukku whom saboda to na gabanshi. Ta huɗu where, they fetch water there. Ta biyar which ko that, ko ka bar wurin haka nan tunda I ne ya biyo kuma babu waƙafi. Ta shida which, don lattin ne gaba ɗaya ya ɓata ran mushe, in what ka sa goge shi ka sake rubuta jimlar sau ukku a kayenka, gobe kuma ka ƙirƙiro biyar naka da sunayen mutanen unguwarku ka kai ma mushenka ya duba maka.